Daga Ramzin Malaman Hubbare Zuwa Ƙwan Ista Na Kwamfuta: Raha Ce Ko Aƙida?

Duk wanda ya san birnin Sakkwato ya san Hubbare, makwancin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a shekarar 1817, inda kuma 'yarsa Nana Asma'u da wasu daga cikin iyalansa ke kwance. Maziyarta daga sassan Nijeriya da Nijar, har ma da ƙasashen da suka fi nan nisa, kan zo su yi addu'a su koma gida, amma ƙalilan ne daga cikinsu ke tuna cewa bayin Allahn nan, ban da littattafan tauhidi da fiƙihu da tsarin mulki, sun bar mana wata fasaha ta ɓoye abu a cikin rubutu, yadda mai karatu na gama-gari zai wuce bai lura ba, masani kuwa ya gani ya jinjina kai. Wannan fasaha tasu ce nake son mu ɗauka a matsayin mudu, mu auna wata tambaya ta zamanin kwamfuta da ita.

Tambayar ta shafi manhajoji masu 'yanci, wato irin su Firefox da VLC da Linux da Python, waɗanda ɗalibanmu da ma'aikatanmu ke amfani da su kullum ba tare da biyan ko kwabo ba. A cikin da yawa daga cikinsu akwai wasu abubuwan raha da masu rubuta su suka ɓoye, waɗanda Turawa ke kira ƙwan Ista. Wani zai ci karo da shafi mai kama da nassin Baibul, wani da hoton halitta mai ƙaho da wutsiya, wani kuma da lamba 666. Shin waɗannan abubuwa suna ɗauke da ma'anar addini? Shin Musulmin da ke amfani da su ana ɗura masa wata aƙida ne a asirce? Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma ba ta wasa ba ce a ƙasa irin tamu. Wanda ya tuna abin da ya faru a Kaduna cikin Nuwamban 2002, lokacin da wata magana ta ganganci a kan Manzon Allah (SAW) da aka buga a jarida ta jawo asarar rayuka sama da 200, ya san cewa a wurinmu duk maganar da ta taɓa addini sai an auna ta kafin a furta, haka nan zargin cewa an taɓa addinin sai an auna shi kafin a yaɗa.

Yadda magabata suka ɓoye abu a rubutu

A al'adar waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci da Larabci, marubuci kan rufe waƙarsa da ramzi, wato kalma ko gungun haruffa da idan aka lissafa su bisa ƙimar abajada za su ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Kowane harafi yana da lambarsa. A lissafin Magariba, wanda shi malaman ƙasar Hausa suka bi, harafin shinun 1000 ne, ra'un 200, fa'un kuma 80. Alal misali, idan muka ɗauki kalmar Larabci sharaf, mai nufin ɗaukaka, haruffanta uku za su ba mu 1280, shekarar Hijira da ta fara a tsakiyar 1863 ta ƙare a tsakiyar 1864. To amma a lissafin mutanen Gabas, irin su Masar da Sham, shinun 300 ne, don haka wannan kalma ɗaya za ta ba su 580. Haruffan ba su sauya ba, mabuɗin ne ya sauya, sai ga kuskuren shekara 700 cif. Darasi na farko ke nan: ɓoyayyen abu ba ya fassara kansa, sai da mabuɗin mutanen da suka ɓoye shi.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan zurfi. A shekarar 1822, lokacin da abokan gaba suka matsa wa jama'ar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lamba, Nana Asma'u ta yi wata waƙa da Fulatanci wadda idan aka tattara haruffan farko na baitocinta za su ba da aya ta 5 ta Suratul Inshirah, ayar da ke yi wa mumini albishir da sauƙi a tare da tsanani. Ga ɓoyayyen abu mai ɗauke da ma'anar addini tsantsa. Amma mu lura da abin da ya sa ya zama haka: mai waƙar ta yi nufin hakan, jama'ar da ta yi wa waƙar sun haddace ayar, kuma abin da ke ɓoye a gefen baitocin ya dace da abin da ke bayyane a cikinsu. Sharuɗɗa uku ke nan, niyyar mai yi, da mabuɗi a hannun al'umma, da dacewar ɓoye da bayyane. Da waɗannan za mu auna ƙwan Ista.

Mene ne ƙwan Ista?

Sunan ya samo asali ne daga kamfanin wasannin kwamfuta na Atari da ke Amurka. A wancan lokaci kamfanin ba ya yarda a rubuta sunayen ma'aikatan da suka ƙirƙiri wasanninsa, sai wani daga cikinsu, Warren Robinett, ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na asiri cikin wasan Adventure da ya fito a 1980. Da wani yaro ya gano ɗakin ya rubuto wa kamfanin, sai wani jami'i mai suna Steve Wright ya ba da shawarar a bar shi, ya kwatanta shi da ƙwayayen da Turawa kan yi wa fenti su ɓoye a lambu domin yara su yi ta nema ranar bikin Ista. Ashe ke nan ƙwan Ista na farko da ya yi suna, sa hannun ma'aikaci ne da aka hana shi a san da shi, kamar dai yadda mawaƙin ajami kan saka sunansa a baitocin ƙarshe.

Gaskiya ne a wurin Kirista ƙwan bikin Ista alama ce ta tashin Annabi Isa (AS) daga kabari, abin da Musulmi bai yarda da shi ba tun daga tushe. Sai dai ilimin ma'ana ya koya mana cewa asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban. Janairu daga sunan Janus ya fito, Maris kuma daga Mars, dukkansu gumakan Rumawa ne, amma babu wanda zai ce jaridar da ta buga kwanan wata a goshinta tana bautar gumaka. A Hausa ma muna cewa dodon kunne da dodon koɗi, ba tare da wani ya tuna da dodon tsafi ba. A bakin masu sana'ar kwamfuta, ƙwan Ista yana nufin abin da aka ɓoye domin mai nema ya samu ya yi dariya. Abin da aka aro daga bikin shi ne wasan ɓuya da nema, aka bar aƙidar a coci.

Ita kuwa manhaja mai 'yanci, Richard Stallman ne ya kafa harsashinta da shirin GNU a 1983, Linus Torvalds na ƙasar Finlan ya ƙara mata ƙarfi da Linux a 1991. Sharaɗinta shi ne kowa yana da damar ya yi amfani da ita, ya karanta asalin rubutun umarnin da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Wannan sharaɗi na karatu yana da muhimmanci ga batunmu, domin yana nufin ɓuyan da ake yi a cikinta ɓuya ne a tsakiyar kasuwa: ga mai amfani abin a ɓoye yake, amma ga wanda ya iya karatun rubutun, komai a fili yake, har da sunan wanda ya saka shi da ranar da ya saka.

Aron rigar addini domin raha

Mu fara da wanda ya fi tayar da hankalin mai ganinsa da farko. Idan mutum ya rubuta about:mozilla a gurbin adireshi na Firefox, zai ga jan shafi ɗauke da wasu jimloli masu salon littafin Wahayin Yahaya na Baibul, ana maganar wata dabba, a tsofaffin fitowar manhajar har da wuta da mabiyan Mammon, a ƙasa kuma an sa lambar sura da aya daga wani wai shi Littafin Mozilla. Babu wani littafi mai wannan suna a duniya. Dabbar ita ce manhajar kanta, Mammon kuwa, wanda a Baibul ke nufin dukiyar da ake bauta wa, habaici ne ga kamfanin Microsoft, abokin hamayyarsu. Abin sha'awa shi ne lambobin. Wadda aka yi wa lamba 3:31 tana nuni ne ga 31 ga Maris 1998, ranar da kamfanin Netscape ya saki asalin rubutun manhajarsa ga jama'a. Ta 7:15 tana nuni ga 15 ga Yuli 2003, ranar da aka kafa Gidauniyar Mozilla. Ta 11:9 kuwa 9 ga Nuwamba 2004 ce, ranar da Firefox ta farko ta fito. Wato dai ramzi ne, kwanan wata da aka ɓoye cikin lamba, kuma wanda ba shi da mabuɗin zai tafi neman aya a inda babu aya.

Haka abin yake ga harshen rubuta manhaja na Python. Wanda ya ba shi umarnin import this zai ga jawabai 19 masu kama da karin magana, waɗanda Tim Peters ya tsara a 1999 aka yi musu laƙabi da Zen na Python. Zen ɗariƙa ce ta addinin Buddha da ta yi ƙarfi a Japan, amma jawaban nan kaf nasiha ce ga mai sana'a, a kan fifita sauƙi bisa sarƙaƙiya da fifita bayani bisa ƙumbiya-ƙumbiya. A cikin fayil ɗin ma an rubuta su ne ta hanyar gusar da kowane harafi da matsayi 13, wato zaurancen Turawa ke nan.

Sai kuma Cocin Emacs. Shekaru da dama ana wasan tsokana tsakanin masu amfani da manhajar rubutu ta Emacs da masu amfani da kishiyarta vi. Stallman, wanda bai taɓa ɓoye cewa shi bai yi imani da kowane addini ba, yakan sa alkyabba ya ɗora tsohon faifan kwamfuta a ka, ya kira kansa waliyyin wannan coci, ya ce ai vi sau uku 666 ne, tunda a lambobin Rumawa haruffan nan biyu shida suke nufi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma babu alƙalin da zai karɓi ƙarar bauta a kan haka, domin kowa ya san muhallin maganar.

A nan dole a faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. Waɗannan abubuwa ba wa'azi ba ne, babu aƙidar da suke kira zuwa gare ta, kuma rigar da suka ara ta gidansu ce, wato ta Kiristanci, ko ta Buddha da suka tsinta a littattafai. Amma sun fito ne daga al'ummar da ta ɗauki kwaikwayon salon nassi a matsayin abin dariya, mu kuwa tarbiyyarmu ba ta yarda da haka ba. Manzon Allah (SAW) yakan yi raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kamar yadda ya gaya wa wanda ya roƙe shi abin hawa cewa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, alhali kowane raƙumi ɗan taguwa ne. Suratut Tauba kuwa, a aya ta 65 da 66, ta yi kashedi mai tsanani ga masu izgili da ayoyin Allah da sunan wasa. Don haka matashin Musulmi da ya koyi wannan sana'a ba zai kwaikwayi salon Alƙur'ani domin ya ba abokansa dariya ba. Wannan iyaka ce a kan abin da mu za mu rubuta, amma ba hujja ba ce ta cewa an yi mana maƙarƙashiya.

Kama da wane ba ta wane

Kashi na biyu shi ne na abubuwan da ko raha ba su kai ba, kamanni ne kawai. A Linux da 'yan'uwanta akwai ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage ana kiran su daemon, kalmar da ke kama da ta Ingilishi mai nufin shaiɗan. Masana a jami'ar MIT ta Amurka ne suka raɗa sunan a 1963, sun kuma aro shi ne daga wani misali na masanin kimiyya James Clerk Maxwell, wanda ya ƙaddara wata 'yar halitta mai aikin tantance ƙwayoyin iska ba dare ba rana. Daga wannan wasa da kalma aka zana jan ɗan tsana mai ƙaho da ya zama tambarin manhajar BSD, kuma mashin nan mai baki uku da yake riƙe da shi nuni ne ga wani umarni da ke raba aiki ɗaya gida biyu. Idan Bahaushe ya ce yaron nan shaiɗani ne, ai ƙiriniya da wayo yake nufi, ba ya nufin Iblis ne ya haife shi.

Lambar 666 ma da ake gani a umarnin chmod lissafi ne tsagwaronsa. Izinin karanta fayil 4 ne, izinin rubutu a cikinsa 2, jimla 6, a ba mai fayil, a ba rukuninsa, a ba sauran jama'a, sai ga shida sau uku. Ita kuwa saniyar da manhajar Debian ke zanawa idan aka ba ta umarnin apt-get moo, mai neman fassara zai iya kai ta har Indiya wurin masu girmama shanu, alhali ba ta wuce zanen saniya mai tambayar ko ka yi kukan shanu yau ba.

Irin wannan karatu na kamanni ya sha wahalar da mutane. A shekarar 2000 jita-jita ta bazu a Masar cewa idan aka duba tambarin Coca-Cola ta madubi zai ba da jimlar Larabci mai ɓatanci ga Annabi da Makka, har sai da Muftin ƙasar na lokacin, Sheikh Nasr Farid Wasel, ya sa aka bincika ya bayyana cewa babu komai a ciki. Tambarin an zana shi ne a birnin Atlanta tun cikin shekarun 1880. Mu ma an yi mana irin wannan karatu. Rubutun ajamin da ke jikin naira, wanda ba ya cewa komai sai adadin kuɗin da harshen Hausa, wasu 'yan ƙasa sun ɗauke shi a matsayin shirin musuluntar da Nijeriya a asirce, kuma a Fabrairun 2007 Babban Banki ya cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50. Mun ji zafin wannan domin mun san an yanke wa rubutun hukunci ne da siffarsa ba tare da an karanta shi ba. Bai kamata mu auna wa wasu da mudun da muka ƙi a auna mana da shi ba.

Inda addini ya shigo da gaske

Akwai kashi na uku da ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne na bukukuwa. Manhajar kallon bidiyo ta VLC, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, takan ɗora wa tambarinta hular Baba Kirsimeti a ƙarshen Disamba, ko da yake akwai wurin kashe wannan a cikin saitinta. Wanda ya fi wannan muni ya faru ne a ƙasar Sin. Ranar 25 ga Disamba 2018, shafukan intanet masu yawa da aka gina da kayan aikin Ant Design suka wayi gari maɓallansu sun yi rawanin dusar ƙanƙara na Kirsimeti, ba tare da an sanar da kowa ba. Masu gina shafukan suka shiga uku wajen yi wa kamfanoni da hukumomin da suka ba su aiki bayani, har sai da wanda ya saka abin ya fito ya nemi gafara aka cire. A nan ƙorafi yana da tushe, domin alamar biki ce ta wani addini aka liƙa wa mutane a shagonsu ba da izininsu ba. Amma ko a nan, laifin na rashin neman izini ne da ɗaukar cewa bikin gidanku bikin kowa ne.

Su kuwa masu addini na haƙiƙa a cikin wannan sana'a, abin lura shi ne ba sa ɓoyewa. Larry Wall, wanda ya ƙirƙiri harshen Perl a 1987, masanin kimiyyar harshe ne kuma Kirista mai riƙo, ya yi karatunsa ne da niyyar aikin fassarar Baibul, kuma ya sha faɗin haka a bainar jama'a, har ɗaya daga cikin umarnin harshen nasa ma'anarsa sa albarka. Richard Hipp, mai manhajar adana bayanai ta SQLite wadda ke cikin kusan kowace wayar zamani da ke aljihunmu, ya sa addu'ar fatan alheri da yafiya a saman rubutun manhajar a gurbin gargaɗin haƙƙin mallaka, a 2018 kuma ya wallafa ƙa'idojin ɗa'a da ya ɗauko daga dokokin Waliyyi Benedict na Kiristoci. Musulmi ma sun yi nasu: daga 2007 zuwa 2011 an yi ta fitar da wani nau'in Linux da aka sani da Sabily, mai ɗauke da Alƙur'ani da lokutan salla. Duk waɗannan a fili suke kamar goshi. Sun cika sharuɗɗan nan uku na waƙar Nana, kuma mai so ya ɗauka, wanda ba ya so ya bari.

An bar jaki ana dukan taiki

Haɗarin da ya fi cancantar fargabarmu ba shi da ƙaho ko hula. A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da duniya cewa ya gano ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfuta mai Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa jinkiri ne na kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata kwamfuta daga nesa. Bincike ya nuna cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakon aikin cikin ladabi da ƙwazo har aka amince masa, sannan ya dasa abin da zai ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin da bankuna da asibitoci da gwamnatoci ke dogaro da irinsu. Babu raha a ciki, babu aya, babu alamar kowane addini. Cin amana ne tsantsa, kuma buɗaɗɗen halin manhajar ne ya sa aka kama shi kafin ya bazu.

Wannan ne ya sa masu sana'ar da kansu suka fara ɗari-ɗari da ƙwan Ista. Kamfanin Microsoft ya hana ma'aikatansa saka su a manyan manhajojinsa a 2002 saboda batun aminci. A 2017 mai kula da umarnin man na Linux ya janye wata raha da ke fitowa da ƙarfe 12:30 na dare kawai, bayan ta dagula wa wani aikin gwajinsa. Hujjarsu ɗaya ce: kayan aiki bai kamata ya yi abin da mai shi bai sani ba. Wannan hujja ce da fiƙihunmu ya riga ya sani a babin ciniki, inda aka wajabta wa mai sayarwa bayyana abin da ke cikin hajarsa.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, mu riƙi tabbatarwa kafin yaɗawa. Suratul Hujurat ta umarce mu da binciken labari a aya ta 6, ta kuma hane mu da yawan zato a aya ta 12. Shehu da kansa, kamar yadda Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri, ya rubuta littattafai da dama yana raddi ga ɗaliban da ke gaggawar kafirta talakawa a kan abin da bai kai ba. Wanda aka turo wa hoton jan shafi a WhatsApp tare da gargaɗin cewa a daina amfani da manhaja kaza, ya tambayi abu uku: wa ya saka, me ya ce yana nufi, su wa ke da mabuɗin? A manhaja mai 'yanci amsoshin nan a rubuce suke, gani kuwa ya kori ji.

Na biyu, malamanmu masu fatawa su riƙa neman masu sana'ar kafin su yanke hukunci, kamar yadda alƙali kan nemi ungozoma ko maƙeri a kan abin da ya shafi fanninsu. Na uku, hukumomi da bankuna da asibitocinmu da ke sayen manhaja ko ɗaukar ta kyauta su sa sharaɗin cewa babu wani ɓoyayyen aiki a cikinta, na raha ne ko na sharri, su kuma ɗauki matasan da za su iya karanta rubutun su tabbatar. 'Yancin karatu ba shi da amfani ga al'ummar da ba ta da makaranta.

Na huɗu ya shafi mu masu nazarin harshe. Rabin ruɗanin nan daga suna ya taso, domin da zarar an ce Ista sai kunne ya tashi. Sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna iya zama su daidaita kalma guda. Shawarata ita ce a kira shi ramzin manhaja, domin kalma ce tamu, tana da tarihi a rubutunmu, kuma tana bayyana abin yadda yake. Idan kuma yaranmu suka kai ga rubuta manhajojin da duniya za ta ɗauka, babu laifi su ɓoye karin magana ko kacici-kacici a ciki, muddin sun kiyaye alfarmar nassi, nasu da na wasu, kuma ba su sa kayan aiki ya ci amanar mai shi ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga zato da cin amana, Ya jiƙan magabatanmu.